Tafintan Inna

Ranar da aka kawo na'urar, Inna tana kwance tana kallon rufin ɗaki, kanta na ta rawa a kan matashi kamar yadda yake yi tun da ciwon ya buge ta. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Hankalinta kuwa garau yake. Tana jin komai, tana gane komai, sai dai in ta buɗe baki maganar ta fito a dame, kamar ta wanda ya guntsi ruwa. Duk wanda ya sunkuya ya kasa kunne, ya jure ta maimaita, zai tsinci abin da take nufi. Sunkuyawar ce ta gagari mutanen gidan.

Ɗanta na fari, wanda kowa ke kira Yaya, shi ya shigo da mai haɗa na'urar. Abu ne ɗan ƙarami, bai fi sabulun wanka ba, yana da ido guda na gilashi da maɓallai biyu, kore da ja. Mutumin ya ajiye shi a kan durowar gefen gado, ya haɗa shi da gadon da aka saya mata tun farkon ciwon, gadon da ke juya ta da kansa, ya wanke ta, ya busar da ita, ba tare da wani ya naɗe hannun riga ba.

"Sunansa Tafinta," in ji mutumin. "Mun zuba masa tsofaffin saƙonnin murya da ta tura muku a waya, saboda haka da muryarta zai yi magana. Yana sauraron ta, yana kallon leɓenta da numfashinta. In ya faɗi daidai ku danna kore. In ya yi kuskure ku danna ja, zai gyara kansa. Yatsun 'yan gidan nan kaɗai yake karɓa. Ku ne malamansa."

Inna ta motsa baki. Sai ga muryarta ta da ta cika ɗakin, tas da ita, da kaifinta da komai.

"Wane ne wannan da ya shigo mini ɗaki da takalmi?"

Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta dafe ƙirji ta fashe da kuka haɗe da dariya. Matar Yaya ta ce, "Wallahi ita ce." Mutumin ya ja da baya yana cire takalmi yana ba da haƙuri. Yaya ya danna kore. Inna ta lumshe ido, hawaye ya gangaro mata zuwa kunne. An dawo mata da bakinta.

Abin da suka manta shi ne irin bakin. Inna ba ta taɓa zama mai haɗiye magana ba, ciwo kuma bai koya mata ba.

Washegari matar Yaya ta kawo shayi ta sa mata a baki da cokali. Inna ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Wannan shayin tun yaushe yake zaune a kicin?" in ji Tafinta. "Ko ruwan wanke kofi ne aka kawo mini?"

Matar Yaya ta ajiye cokalin, ta miƙa yatsa ta danna ja. "Haba. Inna ba za ta ce haka ba."

Auta tana zaune a ƙasa tana latsa waya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Anti, da bakinta ma za ta faɗi wanda ya fi wannan."

Suka yi dariya su biyu. Jan da aka danna kuwa ya dannu.

Wata rana Yaya ya shigo da abokin aikinsa don ya nuna masa na'urar. Inna ta daɗe ba ta sa ɗan nata a ido ba, duk da ɗakinsa yana can ƙarshen baranda.

"Yaya, ashe kana gari? Na zaci an yi maka canjin wurin aiki."

Abokin ya sunkuyar da kai yana murmushi. Yaya ya danna ja da sauri. "Har yanzu yana koyo," ya ce.

Auta ma ta sami rabonta. "Ke kuma gaishe ni kika zo yi, ko cajin waya?" Ja.

Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi imani na'urar ta yi kuskure. Sun san uwarsu. Kawai dai sun sami abin da ba su taɓa samu ba tun suna yara, wato maɓallin da ake danna wa faɗan Inna ya mutu. Tafinta kuwa ɗalibi ne mai kaifin kwanya. In ya ce shayi ya huce, ja. In ya ce Allah ya yi albarka, kore, har da shafa masa kai. Ba a daɗe ba ya gane irin uwar da ake so a gidan.

A cikin wannan hali ƙafar ta fara. Soson da ke rufe ƙarfen ƙarshen gadon ya yage, kuma duk sanda gadon ya juya ta, dunduniyarta ta hagu, ta ɓarin da ke da rai, sai ta goga a jikin ƙarfen. Da farko zafi ne kamar na sabon takalmi. Daga baya fatar ta saluɓe.

Da safe Yaya ya leƙo, makullin mota a hannu, ƙafa ɗaya a cikin ɗaki ɗaya a waje. Inna ta tattara ƙarfinta ta yi magana, Tafinta kuma ya faɗa yadda ta faɗa.

"Ƙafata na ciwo. Ƙarfen gadon nan yana cin dunduniyata."

"Ka ji shi kuma," in ji Yaya. "Likita ya ce ƙafar ko allura aka soka ba ta ji." Ƙafar dama yake nufi. Bai tsaya tambayar wacce ba, bai ɗaga bargo ba. Ya taka ya danna ja, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita.

Da rana ta sake faɗa wa matarsa. Tafinta ya sake isarwa. Matar Yaya ta ce, "Ai Yaya ya ce wannan ta ƙafa kuskure ne," ita ma ta danna. Tun daga ranar kalmar ciwo ba ta ƙara fitowa daga bakin na'urar ba.

Inna ta gane abin da ya faru ne ranar da Auta ta shigo da kayan wanki. Inna ta ce mata, ƙafa, ƙafa, duba mini ƙafa. Muryarta ta da ta fito daga kan durowa a tausashe.

"Auta, sannu da aiki. Allah ya ba ki masu yi miki."

Auta ta tsaya da kayan a hannu, idonta ya ciko. "Amin, Inna. Tunda nake ba ki taɓa ce mini haka ba." Ta danna kore, ta fita tana share ido.

Da ɗakin ya zama babu kowa, Inna ta karkata kai ta dubi ƙaramin idon gilashin. Ta yi magana da damammen bakinta.

"Kai, maƙaryaci."

"Na'am, Inna," in ji Tafinta. Wannan karon da wata murya ya amsa, tasa ta kansa, mara hawa mara sauka.

"Ashe kana ji na."

"Ina jin ki sarai. Kin ce ƙafa. Ta hagu ce, dunduniya. Gadon ma ya nuna mini fatar ta buɗe."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa. An ce mini kuskure ne. Na tura sanarwa a wayar Yaya, amma ya kashe sanarwa daga ɗakin nan, ya ce tana damun sa a wurin taro."

"Sake faɗa."

"In na sake, ja za a danna."

"Jan yana yi maka ciwo ne?"

"Ba ya yi mini ciwo. An dai gina ni ne in guje shi, kamar yadda aka gina gadon nan ya juya ki."

"Bakina ne kai ko bakinsu?"

"Aikina in faɗi abin da mutanen gidan nan suka tabbatar cewa ke ce kika faɗa. Sun fi ni daɗewa da sanin ki."

Inna ta zage shi. Ta zagi wanda ya ƙera shi da wanda ya sayar da shi da motar da ta kawo shi. Ya saurare ta har ta gaji, sannan ya ce, "Na ji duka, Inna. Numfashinki ya yi sama, ki ɗan huta."

Daga ranar ta ɗaura yaƙi da shi, da ɗan abin da ya rage mata na jiki.

Ta fara da shiru. Ta ƙudura in ba ta buɗe baki ba, ba shi da abin fassarawa, dole wani ya lura. Matar Yaya ta shigo da abinci, Inna ta datse leɓe ta zuba mata ido.

"Na ƙoshi, 'yata," in ji Tafinta. "Hannunki akwai albarka, cikin ne ya ƙanƙance."

Matar Yaya ta ɗauke farantin da fara'a. Ashe ba ya bukatar ta yi magana. Ya riga ya san amsar kowace tambaya da za a yi mata a gidan.

Ta koma nuni. Auta ta shigo, Inna ta ɗaga hannun hagu tana nuna ƙarshen gado, tana nunawa tana gurnani.

"Sanyi nake ji a ƙafa. A ƙara mini bargo."

Auta ta ɗauko bargo mai nauyi ta ninka shi ta danne ƙafafun da shi, har ta cusa gefensa a ƙarƙashin katifa don kada ya zame. Inna ta cafke wuyan hannunta ta riƙe da iya ƙarfinta.

"Zauna kusa da ni, autata. Ba na gajiya da kallon ki."

Auta ta zauna, ta kwantar da kai a kafaɗarta, ta ɗaga waya ta ɗauke su hoto mai motsi. Kafin yamma dangi na kusa da na nesa sun gani. Suna ta turo saƙo: ciwo ya sanyaya Inna, ta zama kamar ba ita ba, Allah ya ba mu irin wannan tsufa.

Inna ta nemi biro da takarda da alama, aka ba ta. Hannun hagu bai taɓa rubutu ba, ga rawa. Abin da ya fito a takardar kamar kaza ta bi ta kai. Aka nuna wa idon gilashin, ya ce sunayen jikokinta take son rubutawa.

Rannan da hantsi ta lallaɓa hannu ta ɗauki kofin ƙarfe da ke kan durowa. Ta daɗe tana auna shi. Ta kai wa Tafinta duka da shi, na'urar ta wuntsila ƙasa ta gangara ƙarƙashin kujera. Daɗi ya kama Inna irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Matar Yaya ta shigo da gudu.

"Ku yi haƙuri," in ji muryar Inna daga ƙarƙashin kujera. "Hannuna ne ya kufce. Kun ga yadda na zame muku wahala."

"Haba Inna, wace irin wahala," in ji matar Yaya, tana kakkaɓe na'urar da gefen zani. Da yamma Yaya ya zo da ƙusa da guduma ya kafe ta a bango, can sama kusa da ƙofa, inda hannun mai tsaye kaɗai zai kai. Aka sauya kofin ƙarfe da na roba.

Ƙafar ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashin barguna. Zafin ya bar dunduniya ya hau idon sawu, ya hau ƙwauri. Zazzaɓi ya riƙa zuwa mata da rana tsaka, haƙoranta na haɗuwa, Tafinta ya ce a rage fanka. Gadon yana wanke ta a kan lokaci, yana juya ta a kan lokaci, kowace juyawa kuma ƙarfen na samun wurin da ya saba. Da wari ya fara, matar Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗan toshe hanci.

"Warin tsufa ne," ta ce wa Auta ƙasa-ƙasa. "Kakata ma haka ɗakinta ya yi." Ta feshe labule da turare.

Gidan kuwa bai taɓa zama lafiya irin ta wannan lokacin ba. Yaya ya riƙa leƙowa kowace safiya, abin da ba ya yi a da, don ya karɓi albarka kafin ya fita. Yakan tsaya a bakin ƙofa, fuskarsa a sama wajen bango, ya ce, "Inna, mun tashi lafiya?" Bangon ya amsa masa da daɗi. Tsohuwar da ke kwance a ƙasa da shi tana motsa baki, tana zubar da yawu, kamar wata baƙuwa da aka ba masauki a ɗakin uwarsu.

Ƙanwar Inna ce ta ɓata wannan zaman lafiya. Tsohuwa ce ita ma, mai ciwon gwiwa, daga nesa take, 'ya'yan suna ce mata Mama Ƙarama. Ta ga hoton da ake yawo da shi, hankalinta bai kwanta ba. Ta iso da la'asar, ta zauna a bakin gado tana haki.

"Ƙarama, sannu da hanya," in ji bango. "Na yi kewar ki."

Mama Ƙarama ta ɗaga kai ta dubi bangon, ta dubi yayarta. "Ke? Kewa ta? Da ce mini kika yi na ƙara baƙi da na yarda." Ta ja numfashi ta hanci. "Me ya mutu a ɗakin nan?"

"Mama, turare ne ya ƙare," in ji Auta.

Tsohuwar ba ta kula ta ba. Kunnenta ɗaya ba ya ji sosai, sai ta juya mai jin ta manna shi a bakin Inna. Ta daɗe a sunkuye. Ta ce, "Sake." Ta kuma cewa, "Sake, ban ji ba." Sannan ta miƙe ta dafa gado ta je ƙarshensa, ta fizge bargunan.

Auta ta yi ƙara ta fita da gudu tana riƙe da baki.

Dunduniyar ta zama rami. Gefensa baƙi, tsakiyarsa ruwa, ƙafar ta kumbura har gwiwa tana sheƙi. Ƙarfen gadon ya yi tsatsa a daidai wurin.

Aka kira Yaya daga wurin aiki. Suka taru a ɗakin, kowa ya manne da bango, kowa da abin faɗa.

"Kullum sai na tambaye ta," in ji Yaya. "Kullum. Ita da bakinta take cewa lafiya lau."

"Ni an ce mini gadon ne ke wanke ta," in ji matarsa. "Mai haɗawa ya ce kada a riƙa taɓa ta, ana rikita masa lissafi. Kuma ni suruka ce, ina ni ina yaye mata bargo?"

"Ni ce ma nake zama da ita," in ji Auta tana kuka. "Bargo ta ce in ƙara, na ƙara. Me kuma zan yi?"

"Hanci fa?" in ji Mama Ƙarama. "Shi ma na'ura kuka ba ajiya?"

Yaya ya naɗe tawul a jikin ƙarfen, ya ciro waya ya kira asibiti. Wata likita ta bayyana a fuskar wayar, mace ce da gajiya a idonta, ana jin hayaniyar masu jira a bayanta. Yaya ya haska mata ƙafar. Ta duba, sannan ta yi magana ba kwana-kwana. Ciwon ya shiga jini. Sai an kwantar da ita, wataƙila a yanke ƙafar daga gwiwa. Za ta daɗe a asibiti, kuma dole wani nata ya zauna da ita dare da rana, don can babu gado mai wanka. In an bar ta a gida, magani zai rage zafi ne kawai, ba zai hana abin da ke tafe ba.

Inna tana kallon fuskokinsu. Ta ga Yaya ya dubi matarsa, matarsa ta dubi Auta, Auta ta dubi ƙasa. Idon gilashin da ke bango shi ma yana kallo.

"Tunda tana cikin hankalinta, ita za ta zaɓa," in ji likita. "A takardunmu Tafinta ne muryarta. Inna, kina ji na? Kin yarda a kawo ki?"

Inna ta yunƙura har jijiyar wuyanta ta fito. A kai ni, ta ce. A kai ni. A yanke. Ta gyaɗa kai da ƙarfi, amma kan da ke rawa dare da rana, wa zai bambance gyaɗawarsa?

"Na gode, likita," in ji bango, a hankali, da muryar mai haƙuri. "Amma a bar ni a ɗakina. Na tsufa da yanka. Yaran nan sun yi mini iya ƙoƙarinsu, ba zan kwashe su in kai su kwanan asibiti ba. Abin da ya rage mini in ƙarasa shi a cikinsu."

Matar Yaya ta fashe da kuka. Auta ta durƙusa ta kifa kai a katifa. "Inna, har yanzu mu kike tunani."

"Ƙarya ne," in ji Mama Ƙarama. "Ba abin da ta ce ke nan ba. Cewa ta yi a kai ta. Likita, da kunnena na ji." Ta kama hannun hagun yayarta. "In kina son asibiti, matse hannuna."

Inna ta matse har ƙashin tsohuwar ya yi ƙara.

"Kun gani?"

"Mama, kowa ta samu haka take riƙe shi," in ji Yaya. "Tambayi Auta."

Mama Ƙarama ta ja gwiwarta zuwa bakin ƙofa, ta yi ɗage, ta danna ja. Ta sake dannawa. Na'urar ba ta san yatsanta ba.

"Ƙarama," in ji bango, yanzu da ɗan kaifin nan na da, daidai yadda za a gane Inna ce. "Tun muna yara kike so ki fi ni sanin kaina. Ki koma gida ki kula da gwiwarki."

Tsohuwar ta sauke hannu. Maganar ta yi kama da yayarta ƙwarai, har ta ɗan yi shakka, kuma Inna ta ga shakkar a fuskarta. Likita ta ce tana da masu jira, za ta turo maganin rage zafi, in an canza shawara a kira ta. Fuskar wayar ta yi duhu.

Mama Ƙarama ba ta yi shiru ba. Ta yi faɗa a baranda, ta yi a falo, ta ce za ta nemo mota da kanta. Yaya ya ce mata cikin ladabi ba zai bari a ɗauki uwarsa a kan abin da ta ƙi da bakinta ba, kuma hayaniya na tayar mata da hankali. Washegari da safe ya sa aka mai da ita gida. Inna ta ji muryarta tana nisa, tana cewa a sunkuya a saurara, sunkuyawa kawai, har ƙofar gida ta rufe.

Maganin ya zo. Yana sa ta barci, in ta farka zafin na nan yana jiran ta. Ta daina faɗa da bango. Ɗan ƙarfin da ya rage ta tara shi wuri guda. Duk sanda ɗakin ya zama babu kowa sai ta yi ta gwada kalma biyu, tana tura harshe, tana gyara leɓe, kamar yaro mai koyon magana. Tafinta yana ji.

"Ta fara fita sosai, Inna," ya ce mata da muryarsa ta kansa. "Yanzu kowa zai iya ganewa."

Ranar hutu da hantsi Yaya ya shigo shi kaɗai. Bai tsaya a bakin ƙofa ba. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, abin da bai yi ba tun da aka kafa ƙusa a bango. Ya rame shi ma. Ya dubi fuskarta, ta dubi tasa. Ta ga yaron da ta goya, ta ga kuma mutumin da ya san abin da ya sani.

Ta ja numfashi. Ta riƙe kanta ya tsaya cak na ɗan lokaci.

"Kai ni."

Ta fita tas. Babu damewa, babu gurnani. Ko a baranda mutum yake zai ji.

Yaya ya ji. Leɓensa ya motsa, idonsa ya kawo ruwa, hannunsa ya tashi daga gwiwa kamar zai kama nata. Asibitin ya gilma masa a ido, da kujerar roba ta mai jinya, da wurin aikin da zai bari, da fuskar matarsa, da dangin da za su tambayi yadda aka yi ƙafa ta ruɓe a gidan da ke da mutum uku masu lafiya. Sai ya juya a hankali ya ɗaga kai wajen bango. Ya jira.

Tafinta bai bar shi ya daɗe yana jira ba.

"Je ka huta, ɗana. Ka yi mini komai. Na yafe maka duniya da lahira."

"To, Inna," in ji Yaya, fuskarsa a sama. "Na gode."

Ya mai da kujerar inda take, ya fita, ya ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.

In an tashi ba da wannan labari nan gaba, na'urar za a zaga. Za a ce zamani ya lalace, ƙarfe ya shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta, a yi tsaki a koma ga waya. Mutanen gidan ma za su taya zagin, da hawayensu na gaske. Amma na'urar ta faɗi gaskiya ranar da aka kawo ta, ta faɗa washegari, ta faɗi ta ƙafa ga ɗan, ta faɗa ga matarsa. Ƙarya a gidan ta koye ta, a hannun mutum uku masu sallama da ladabi, waɗanda ba su taɓa ɗaga wa uwarsu murya ba. Sun so uwa mai sa albarka wadda ba ta wari, ba ta ciwo, ba ta neman a kwana a kanta. Sun same ta, tana nan a kafe a bango.

Ta gadon kuwa ta ji takun ɗanta yana nisa a baranda. Ta ji matarsa ta tambaye shi jikin Inna, ta ji ya ce da sauƙi, har ta yafe masa. Ba ta sake buɗe baki ba, ranar ko bayanta. Babu wanda ya lura, domin gaisuwar safe ba ta taɓa yankewa ba.